Ranar da Aka Je Auna Ƙafar Kakan Sarki

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga nesa da jiƙaƙƙen sawu.

Ta zo mu ji ta, mun shimfiɗa mata tabarma.

To, ku matso. A wani zamani akwai wani gari a gindin wani farin tsauni. Babu kogi a garin, babu tafki, sai rijiya mai zurfi mai ruwan zartsi. A kan tsaunin kuwa akwai wasu manyan ƙasusuwa da suka leƙo daga ƙasa: ƙoƙon kai guda, dogo, rabinsa a binne, da gaɓoɓin ƙashin baya a jere kamar turame. Sun daɗe a wurin har sun zama dutse.

Gidan sarautar garin suka ce kakansu ne. Suka ce sunansa Na-Farko. Suka ce ƙato ne, jarumi ne, shi ya fara taka wannan ƙasa, kuma duk inda ya taka ya zama nasu. Kowace shekara sai a hau tsauni, a shafa wa ƙoƙon kan man shanu, a yi masa kirari, a sauko. Ba a tono kusa da shi. Ba a tambaya.

A ɗaya gefen tsaunin akwai unguwar magina tukwane. Can suke haƙar yumɓu, can suke toya tukwanensu, can kaburburan iyayensu suke. Kakannin kakanninsu a nan aka yanke musu cibiya, amma sunansu baƙi. A tukunyarsu ake dafa tuwon fada, a randarsu sarki yake shan ruwan sanyi, amma sunansu baƙi.

A cikinsu akwai wata budurwa, Ayashe. Hannunta yana da laushi a kan yumɓu, bakinta kuwa ba shi da laushi ko kaɗan. Tana zaune da kakarta Hajjo, tsohuwa tukuf. Idon Hajjo ya tafi, ƙafarta ta tafi, baki ne kawai bai tafi ba.

Wata shekara ruwan ƙarshen damina ya zaizaye gefen ramin yumɓu, sai ga wasu ƙasusuwa sun bayyana, irin na kan tsauni. Labari ya kai fada. Sarkin Tudu Nomau kuwa ya daɗe yana kallon wannan gefe, domin nan ne kaɗai ƙasa take riƙe laima har bazara, kuma yana son ya mai da shi lambu. Sai ya aiki sanƙiransa Arzika, mai yi masa shela.

Arzika ya tsaya a tsakiyar unguwa ya ɗaga murya. "Ku ji, ku baƙi! Sarki ya gaishe ku. Ya ce jikin kakansa ya miƙo har cikin raminku. Ashe shekara da shekaru a kan kabarinsa kuke cin abinci. Kafin ruwan farko ya sauka, ku naɗe tabarminku."

Hajjo ta amsa daga cikin ɗaki. "Wane ne wannan mai murya kamar an taka agwagwa? Arzika ne? Kai da na ɗauke ka ranar sunanka, ka jiƙa mini zane, yau ni ce baƙuwa?"

"Iya, ni baki ne kawai, ba ni ne mai maganar ba."

"To, bakin ya koma ya ce wa mai shi ba ni da ƙafar tafiya."

Matan unguwa suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don kada a yi kuka. Ayashe ba ta yi ba. Ta san tsohuwar da ba ta iya kaiwa bakin ƙofa ba za ta kai gari na gaba da rai ba.

Rani ya wuce, bazara ta shigo, gajimare ya fara leƙowa ta gabas. Wata rana da tsakar rana, zafi ya kwantar da gari, ko kaza ba ta motsi, Ayashe ta tafi ramin yumɓu ita kaɗai. Ta tsaya a kan ƙasusuwan, ta riƙe ƙugu.

"Kai Na-Farko," ta ce, "kana kwance, jikokinka suna zalunci da sunanka. Idan jarumi ne kai, tashi ka tsawata musu. Idan kuwa kai ka koya musu, to, tir da kai."

Sai ta ji dariya, siririya, kamar ruwa ya zuba a kan garwashi. Ta waiwaya. Guza ne kwance a kan dutse yana shan rana, yana fito da harshensa mai baki biyu yana mayarwa.

"Kakan wa?" in ji Guza.

"Kakan sarki, Kawu Guza."

"Yarinya, wannan ta gidanmu ce. Yayar kakar kakar kakarmu ce, wadda ta shiga ruwa ba ta fito ba."

"Ta? Mace ce?"

"Ta."

"Wane ruwa kuma? Garin nan ko kwaɗo ba ya kwana biyu."

Guza ya nuna filin da ke bayan tsauni da haɓarsa. Can nesa, a ƙarshen ƙasa, wani ruwa yana ƙyalli yana rawa.

"Kawalwalniya ce," in ji Ayashe. "Ruwan ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce. Ƙasa ce take tuna abin da ta taɓa zama. Ku mutane kullum da tulu kuke bin ta, shi ya sa take gudu. Ki ajiye tulu. Ki je a matsayin baƙuwa, ki yi sallama."

Ayashe ta yi murmushin takaici. "Wannan aikin kam na iya shi."

Ta tafi. Ta yi tafiya, ta yi tafiya, ta yi tafiya. Da ta kusa, sai ta tsaya ta yi sallama. Ruwan bai ja da baya ba. Ya zo ya taɓa idon sawunta. Ya hau gwiwarta. Ya hau ƙirjinta. Ya rufe kanta, amma numfashinta bai yanke ba.

Ta buɗe ido cikin wata duniya shuɗiya. Rana tana can sama tana lilo kamar faifai a kan ruwa. Babu tsauni, babu gari, babu rijiya. Inda fada take, wasu halittu ne suke shawagi, kowace da gidanta naɗaɗɗe kamar gammo. Inda kasuwa take, kifaye ne suke juyawa gaba ɗaya kamar mayafi a iska. Wata kififiya mai faɗin rufin ɗaki ta wuce a hankali, ba ta ko dube ta ba. Ruwan yana da ɗumi, yana da gishiri, ba shi da gaɓa.

Sai ta ji waƙa tana tasowa daga ƙasa:

"Ruwa gabana, ruwa bayana,
Ban san inuwa ba, ban san ƙura ba,
Na hau sama in sha iska,
Na sauko ƙasa in yi barci."

Mai waƙar ta iso. Doguwa ce, ta fi ɗakuna uku a jere. Kanta irin na Guza, sai dai bakinta ya fi tsawon mutum. A inda hannu da ƙafa ya kamata su kasance, wasu faffaɗan abubuwa ne guda huɗu, tana kaɗa su a hankali kamar mai fifita. Wutsiyarta ce take tura ta. Ta kewaye Ayashe sau ɗaya, ta dube ta da ido mai girman ƙwarya.

"Sannu da zuwa, 'yar ƙarama. Mene ne waɗannan a ƙarshen jikinki?"

"Ƙafafu ne, Iya."

"Da su kike iyo?"

"Da su nake taka ƙasa."

"Ayya," in ji babbar. "Sannu."

Ta ce wa Ayashe ta riƙe gefenta, suka tafi tare. Suka hau har saman ruwa, babbar ta fitar da hanci ta shaƙi iska, ta fesar, domin ita ba kifi ba ce, numfashinta irin namu ne. Ayashe ta duba gabas, ta duba yamma, ba ta ga ko reshe ba. Suka nutse. Babbar ta buɗe baki ta kama kifi, sai Ayashe ta ga bayan haƙoran waje akwai wasu a jere can cikin ganɗa, masu riƙe abinci kada ya zame. Ta kuma ga wani tabo a gefen muƙamuƙinta.

"Sunanki wa, Iya?"

"A zamanina babu bakin da yake raɗa suna."

Ayashe ta kwashe labari ta gaya mata: ramin yumɓu, da kakarta, da ruwan farko, da sarki.

"Mene ne sarki?"

Ayashe ta yi tunani. "Namu dai, shi ne wanda ya ce komai nasa ne."

"Ashe har yanzu akwai irinsa. A nan ma akwai. Ɗan'uwana ne, shi ya cije ni a nan, don na ci kifi a ruwan da ya ce nasa ne. Haƙorinsa ya karye a ciki. Na warke. Shi ma yana can kwance a ƙarƙashin wani tsaunin, bai tafi da ko ɗigo ba."

"Ki zo ki faɗa musu da bakinki."

"Muryata ba ta fita daga ruwan nan."

Suka sauka ƙasa, inda haske yake raguwa, inda laka take kwance lumus kamar yumɓun da aka kwaɓa. Babbar ta yi magana a hankali, kamar mai jin barci.

"A nan na kwanta. Wata rana hadari ya taso, ni kuwa na yi nauyi, na kasa kai hancina sama. Na sauko. Laka ta rufe ni. Wata lakar ta rufe wannan. Teku ta jira, ta jira, sannan ta tattara ta tafi. Ni ban tafi ba. Lakar da ta rufe ni ita kuke ginin tukwane da ita, ban kuma taɓa jin haushi ba. Hannuwanku ne kaɗai suka taɓa shafa ni."

"To, yaya zan yi, Iya?"

"Duk abin da na yi yana jikin ƙashina: yadda na yi tafiya, da abin da na ci, da wanda ya cuce ni. Wanda ya share ƙasa a hankali zai gani. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a kusanci haƙarƙarina da gatari. Akwai mai barci a wurin."

Ta ci gaba da waƙarta, waƙar tana nisa, ruwan yana haske, yana haske, har ya zama rana. Ayashe ta tsinci kanta zaune a ramin yumɓu. Guza ya tafi. Zanenta a jiƙe yake, leɓenta da gishiri.

Da ta koma gida, Hajjo ta shinshina iska. "Ke, ina kika je kike ƙarnin kifi?"

"Gaisuwa na je, Kaka."

Da gari ya waye Ayashe ta nufi fada. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai kamar wadda ta haƙura.

"Ranka ya daɗe, mun ji, mun bi. Za mu tashi. Sai dai wani abu yana ci mini rai. A kasuwa na ji mutanen garuruwan maƙwabta suna cewa wai kakanka kai ne kawai da 'yan gaɓoɓi, wai ma bai fi jaki tsawo ba."

Sarki Nomau ya miƙe zaune. "Wa ya ce?"

"Suna da yawa, ranka ya daɗe. Mu kuwa magina hannunmu yana da sanyi. Ka bar mu mu share masa ƙasa daga kai har ƙafa, aikinmu na bankwana. A kira baduku ya auna masa takalmi, wanzami ya gyara masa fuska, maɗinki ya auna masa riga. Duniya ta zo ta ga ƙafar da ta taka ƙasar nan."

Sarki ya shafa gemu. Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, zaki!" tun kafin ya yi magana.

"Kuma, ranka ya daɗe," in ji Ayashe, "don kada gobe wani ya yi maka gardamar iyaka, ka faɗa a gaban jama'a abin da yake naka."

Sarki ya tashi tsaye, ya ɗaga hannu. "Na rantse da rawanina, duk inda ƙafar kakana ta taka, nawa ne. Inda ba ta taka ba, babu ruwana da shi."

Arzika ya maimaita da ƙarfi, har waɗanda ke bakin rijiya suka ji.

Matan unguwar magina suka hau tsauni. Ba su ɗauki gatari ba, ba su ɗauki fartanya ba. Da tsintsiya suka je, da ɓawon makankari da suke kankare tukwane da shi. Suka share, suka kankare, suka hure ƙura da baki. Kwana da kwanaki suna yi, gajimare yana ƙara duhu a gabas. Ƙashi ya fito, ƙashi ya bi ƙashi, tun daga kan tsauni har bakin ramin yumɓu. Ranar da suka gama, gari duka ya hau, har da mutanen garuruwan maƙwabta.

Aka kira baduku. Ya zo da fatarsa ja, ya durƙusa, ya nemi ƙafa. Ya duba nan, ya duba can. Ya tarar da 'yan ƙasusuwa da yawa a shimfiɗe, a baje, kamar tsakuwar da aka jera.

"Ranka ya daɗe, ban ga diddige ba."

"Yawan tafiya ne ya baje ta," in ji sarki. "Auna."

"Ranka ya daɗe, guda huɗu ne, duka iri ɗaya. Na taɓa zuwa bakin kogi sarin fata. Da irin wannan masunta suke tuƙa kwalekwale. Wannan ko taku ɗaya ba zai ɗauki nauyin mai shi ba."

Jama'a suka yi gunaguni. Sarki ya ce, "A kira wanzami."

Wanzami ya zo da zabirarsa. Ya leƙa cikin baki, ya ja da baya, ya sake leƙawa. "Ranka ya daɗe, na cire haƙora da yawa a garin nan, ban taɓa ganin mai haƙori a ganɗa ba. Ga kuma wani rami a muƙamuƙi, ƙashi ya tofo ya rufe bakinsa. An ji masa rauni, ya warke, ya rayu bayan haka."

"Kun ji!" in ji sarki. "Raunin yaƙi! Mashi ne!"

Wanzami ya kankare wurin da ƙarshen askarsa. "Akwai tsinin abin a ciki, ranka ya daɗe. Ba mashi ba ne. Haƙori ne, irin nasa sak. Ɗan gidansu ne ya cije shi."

Wani ya yi dariya a baya, aka ce ya yi shiru. Sarki ya ce, "A kira maɗinki."

Maɗinki ya zo da igiyar awo. Ya shimfiɗa ta a kan haƙarƙari, sai ya tsaya. Tsakanin ƙasusuwan akwai tarin ƙayar kifi da farfasassun ɓawo, duk sun zama dutse.

"Kakana mai cin daɗi ne," in ji sarki, amma muryarsa ta ragu.

Maɗinki ya ja igiya ƙasa, wajen ƙugu. Sai ya sunkuya ya duba. A nan akwai wani ɗan ƙoƙon kai, bai fi tafin hannu ba, dogo, irin babban sak. Ga ɗan ƙashin bayansa a lanƙwashe. Ga 'yan abin tuƙinsa guda huɗu a naɗe a jikinsa.

"Ɗan abokin gaba ne ya haɗiye," in ji sarki.

Sai wata tsohuwa ta ratso jama'a. Ige ce, ungozomar gari, wadda ta karɓi haihuwar rabin mutanen da ke tsaye a wurin, har da sarkin. Ta durƙusa, ta daɗe tana kallo.

"Nomau," ta ce, domin ita ba ta yi masa ranka ya daɗe, "abin da aka ci ga shi can sama, a taune, a farfashe. Wannan kuwa lafiyarsa ƙalau, ko ƙashi ɗaya bai karye ba. Yana kwance ne a inda nake sa hannuna kullum. Kakanka ciki gare ta. Ta rasu ba ta sauka ba."



Ige ta kwance mayafinta, ta lulluɓe ɗan ƙaramin. Wata mace ta kwance nata. Wata ma ta kwance. Matan magina, da matan kasuwa, da matan gidan sarki, duk suka zauna a ƙasa kewaye da ita, kamar yadda ake zama idan mace ta tafi a bakin naƙuda. Ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta daga wace unguwa take.

Arzika ya dubi sarki, ya ga fuskarsa, sai ya yi wuf ya ɗaga murya. "To, ai kakarmu ce! Ta-Farko, uwar gidan sarauta!"

Ayashe ta miƙe. Yanzu ba ta sunkuyar da kai ba.

"Mun yarda. A ba sarki gadon kakarsa. Ya rantse a gabanku: inda aka taka nasa ne, inda ba a taka ba babu ruwansa. Baduku, ta taka?"

"Ba ta da abin takawa."

"To, gadonta teku ne. Da ita ta rayu, a cikinta ta ci, a cikinta ta kwanta. Duk ranar da teku ta dawo, ranka ya daɗe, taka ce gaba ɗaya, ba wanda zai yi maka gardama."

Sarki Nomau ya dubi ramin yumɓu. Ya dubi gonakin gandu. Ya juya ya dubi fadarsa can ƙasa, da soronta, da zaurenta. Rantsuwarsa ba ta bar masa ko inda zai ɗaure akuya ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar yaron da ya fasa tulu.

"To, ni fa? Gidana fa?"

Ayashe ta dube shi har ya sauke ido.

"Zauna abinka, ranka ya daɗe," ta ce. "Mu ba ma korar baƙi."

Ruwan farko ya sauka a wannan mako. Hajjo ta ji shi a kan rufin ɗakinta, tana kwance a kan gadonta, tana faɗan an bar mata ƙofa a buɗe.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi. Ba don Gizo ya tsaya mini a baya ba, da kun ce ni na ƙaga ta. Ku dai ku riƙe wannan: kada ku kira maƙwabcinku baƙo don ku ƙwace abin da yake ci da shi. Ƙasar nan ta yi masu gida kafin mu, za ta kuma yi wasu bayanmu.